Tafiya Malesiya da yara da tsohuwa: amsar tambayoyin da kuke ta min

Assalamu alaikum. Tunda muka dawo daga Malesiya wajen bikin kammala karatun ƙanin maigidana, duk wadda ta zo min sannu da zuwa sai ta gyara zama ta fara tambaya, wasu kuma ta waya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ne nace bari in haɗa su waje guda in amsa. Mu da muka tafi akwai ni da Baban yara da yaranmu har da ta goye, sai Hajiya mahaifiyarsa. Dan haka lissafina na mai tafiya da iyali ne, wanda zai tafi shi kaɗai da 'yar jakarsa a kafaɗa nasa daban.

Anti wai daga nan Kaduna kuka tashi?

A'a, daga Abuja. Filin jirgin Kaduna dai kun san aikinsa, jiragen cikin gida ne sai jigilar alhazai in lokacin ya zo, in banda 2017 da aka rufe na Abuja sati 6 ana gyaran titin sauka aka juyo da jirage nan. Jirgin ƙasa muka bi daga Rigasa muka sauka tashar Idu ta Abuja, wajen awa 2 da rabi, daga nan mota. Dan Allah in da yara ku tafi Abuja tun ana gobe ku kwana, kar ku haɗa jirgin ƙasa da jirgin sama rana ɗaya, ko hanya ce ta tsaya ko jirgin ƙasa ya makara babu mai jiranku, kuma kuɗin canza tikitin mutum biyar ko shida ba wasa bane.

Yaya, waɗanne takardu ake buƙata banda biza?

Kowane yaro da nasa fasfo har jaririn da aka yi suna jiya, kuma sai da lambar NIN ake yi. Fasfon ya kasance da sauran wata 6 a kansa ko fiye daga ranar da za ku shiga ƙasar. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, yalo kad ɗin nan, Malesiya suna tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Allurar bata fara aiki sai bayan kwana 10 da yinta, dan haka kar a bari sai satin tafiya, amma wanda ya taɓa yi shikenan, tun 2016 aka mayar da ita ta har abada, katin ne dai za ka tabbatar kana da shi. Jaririn da bai kai wata 9 ba dama ba a yi mishi. Akwai kuma takardar tantancewa ta NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da masu zuwa Malesiya ke nema kafin biza, ita ma tana cin lokaci. Sannan akwai fom ɗin shiga ƙasa da suke ce ma MDAC, a intanet ake cikawa cikin kwana 3 kafin sauka, kyauta ne, duk wanda yace ki biya shi kuɗin fom kuɗin wahalarsa kawai yake karɓa.

In uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta riƙe takardar amincewar uban da takardun haihuwa. Kuma komai a buga shi a takarda, tikitin dawowa, adireshin masauki, wasiƙar gayyata daga makaranta, saboda waya tana mutuwa daidai lokacin da ake nemanta.

Awa nawa ne a sama gaba ɗaya?

Babu jirgin da ke tafiya kai tsaye daga Najeriya, dole a yada zango. Wasu ta Addis Ababa, wasu ta Istanbul, mu ta Doha muka bi. Abuja zuwa Doha wajen awa 7, Doha zuwa Kuala Lumpur babban birnin Malesiya awa 7 da wani abu, ki ɗora zaman jira a tsakani da awa 3 da ake so ku iso filin jirgi kafin tashi, kinga yini da kwana sun tafi. Wajen zaɓar tikiti kar ki bi mai gajeren zango dan kawai kina son ku isa da wuri, awa 1 bata isar mai goyo da tsohuwa su sauka, a sake bincike, a canza famfas, a nemo ƙofa. Awa 3 zuwa 4 shi ne daidai, ku yi salla a tsanake yara su ɗan yi guje-guje a wajen wasan da aka tanada.

Maman yara, ya kika yi da ta goye? Ni kukan nan nake tsoro.

Za ta yi kuka, kowa a jirgin ya san jarirai na kuka, ki cire kunyar nan daga ranki. Abin da yafi sa su kuka kunne ne, lokacin da jirgi ya fara gangarowa iska na danne dodon kunne kuma su basu iya haɗiyar miyau da gangan ba, toh ki ajiye shayarwa zuwa wannan lokacin, da kin ji an ce a ɗaura bel za a sauka sai ki sa ta a nono, manyan kuma alawa ko cingam. Yaron da ke mura yafi shan wuya, in akwai mai mura ki ga likita kafin tafiya.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, amma akwai ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bango gaban kujerun layin farko, sai an nema tun wajen sayen tikiti dan basu da yawa. Ruwa da man shafawa da turare a jakar hannu kar ya wuce mil 100 kowace kwalba, amma madara da abincin jariri ana barinsu. Ki sa kayan canji biyu nata, ɗaya naki, ni a hanyar Doha ta mayar min da nono a hijabi kuma da sauran awa 4 a gaba, kayan canjin nan ne suka rufa min asiri. Ga sanyi kuma, jirgi akwai sanyi sosai da dare, safa da rigar sanyi ga kowa.

Hajiya fa? Muna so mu tafi da Mama amma tana da hawan jini da ciwon ƙafa.

Wannan tambayar nafi so a tsaya a kanta, saboda mu mukan zuba ido kan yara mu manta tsofaffi, su kuma basa faɗa, sai dai kiji "lafiya lau" alhali ba lafiyar. Abu na farko a nema mata keken turawa tun wajen sayen tikiti, ko aƙalla kwana 2 kafin tafiya, kyauta ne. Hajiya da fari ƙi tayi, tace ita da ƙafarta ba za a tura ta gaban jikokinta ba, sai da Baban yara ya lallaɓa ta, yace Hajiya tafiyar cikin filin jirgin nan kaɗai ta fi daga gida zuwa kasuwar Barci, sannan ta yarda. Da muka sauka Doha ta ga nisan da ke tsakanin ƙofa da ƙofa ita da kanta tace Allah ya yi mishi albarka. Kuma mai keke da iyalinsa ana shigar da su jirgi da wuri.

Na biyu ƙafa. Zama wuri ɗaya sama da awa 4 yana sa jini ya taru a ƙafa, wani lokacin har ya daskare a jijiya, kuma tsofaffi da masu ciki da masu jiki sun fi shiga haɗarin. A ba ta kujerar gefen hanya, duk bayan awa 1 ko 2 a tashe ta ta taka zuwa bayan jirgi ta dawo, tana zaune ma ta riƙa juya idon sawu. Hajiya ta cire takalminta bayan mun tashi, da za mu sauka takalmin nan ya ƙi shiga, sawun ya kumbura har zanen safa ya fito a fatar, a tsugune na sa mata silifas ɗina muka fita. Kumburin ƙafa biyu irin wannan yana saɓewa in an ɗaga ƙafar an huta, amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi tana ciwo, ko numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a tafi a take, ba man zafi ba.

Na uku ruwa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, su kuma tsofaffi suna ƙin shan ruwa dan kar fitsari ya dame su su tashi mutane. Ki zauna kusa da ita ki riƙa miƙa mata, ki raka ta bayi ki nuna mata yadda ake kulle ƙofa da inda ake dannawa, dan ƙarar ruwan bayin ma kaɗai tana firgita wanda bai saba ba. Maganinta duka a jakar hannu cikin kwalinsa da takardar likita. Mai ciwon suga da ke allura kuma lallai likita ya tsara mata lokutan tun a gida saboda agogo zai canza.

Salla fa a cikin jirgi?

Kafin mu tafi mun tambayi malaminmu a kan ƙasaru da haɗa salla, kuma ina ba kowa shawara ya tambayi nasa. Mu dai mun yi alwala a ƙasa muka riƙe ta iya yadda za mu iya, saboda bayin jirgi ƙarami ne kuma ba a so a jiƙa ƙasansa. A filin Doha akwai masallatai na maza da na mata da wajen alwala mai kyau. Abin da zai ba ki mamaki in kina tafiya gabas dare gajere ne, kin yi isha ba da daɗewa ba sai ki ɗaga labulen taga ki ga gari ya fara haske, dan haka kar ki bi agogon hannunki wajen asuba, ki bi taga da taswirar da ke allon kujera.

Wai mene ne wannan rikicewar barcin da ake ta faɗa, ba gajiya bace kawai?

Ba gajiya bace, gajiya barci ɗaya ke maganinta. Wannan da ake ce ma jet lag agogon jikinka ne ya tsaya a Kaduna kai kuma kana wata duniya. Malesiya na gaban Najeriya da awa 7. Ƙarfe 11 na dare a can ƙarfe 4 ne na yamma a nan, yanzu aka idar da la'asar, wa zai yi barci? Ƙarfe 6 na safe da ake kiran asuba a can ƙarfe 11 na dare ne a jikinka, daidai lokacin da barcin gaske ke zuwa. Ƙarfe 12 na rana kuma jikinka na ganin 5 na asuba ne. Shi yasa za ki ga mutum da rana tsaka ido ya yi ja kai ya yi nauyi yana amsa magana da kyar, da dare kuma ido tar.

Daren farko yaudara ne, kowa zai faɗi ya yi barci saboda wahalar hanya kice ai mun tsira. Dare na biyu ne labarin yake. Yarana sun kwanta wajen 9, ƙarfe 1 da rabi na ji ana taɓa min ƙafa, na tsakiyan ne tsaye a duhu yana cewa Mama yunwa, tuwo zan ci, kafin in tashi babban ma ya farka, na duba wayar da ban canza mata lokaci ba na ga 6 da rabi na yamma a Kaduna, lokacin da nake kwashe tuwo kenan. Yaron bai yi ƙarya ba, cikinsa ne ke bin lokacin gida. Na leƙa ɗakin Hajiya na same ta zaune kan sallaya da carbi ita ma tun ɗazu idonta biyu bata so ta tashi kowa.

Kuma ba barci kaɗai yake taɓawa ba, ciki ma na rikicewa, wani ya yi kwanaki bai zaga ba wani kuma gudawa, ga saurin fushi, yaro mai haƙuri sai ya koma mai rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kar a dake su dan Allah, ba rashin ji bane. Jiki yana gyara wajen awa 1 ne a kowace rana, kinga awa 7 kusan sati kenan, kuma tafiya gabas tafi tafiya yamma wuya saboda jiki yafi yarda a ja mishi dare ya yi tsawo da a ce ya kwanta da wuri.

Toh mene ne maganinsa?

Babban maganinsa a tikiti yake. In biki ko taro za ku je, ku isa da kwana 4 ko 5 kafin ranar, kuma kwana biyun farko kar a sa komai a cikinsu, ba kasuwa ba yawon ganin gari ba ziyarar 'yan uwa. Na san kuɗin masauki ne ke sa mutane su matse kwanaki, amma na ga wani iyali 'yan Najeriya a zauren bikin da suka sauka ana gobe, an kira sunan ɗansu ya hau ya karɓi takardarsa mahaifiyar na gyangyaɗi a kujera ƙannensa na kuka, wallahi abin ya tsaya min a rai, shekara nawa tana jiran ranar nan ga kuɗin da aka kashe, kuma ba laifinta bane.

Bayan wannan sai hasken rana, shi ne yake saita agogon jiki. A kwanakin farko ku fita waje daga hantsi ya yi sosai zuwa yamma, ko zagaya unguwa ne, da sassafe kuma ku zauna a ciki, kullum kuna ɗan fita da wuri fiye da jiya. Barcin rana kar ya wuce minti 30 ga manya, ki sa ƙararrawa, in kika ce bari in ɗan kishingiɗa bayan azahar sai magariba za ki farka kuma daren ya lalace. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro a tsaya da su daga azahar. Abinci a ci a lokacin garin ko ba a jin yunwa. In yara sun farka tsakar dare a basu abu mara nauyi, biredi ko ayaba da madara, fitila a rage, ba waya ba talabijin. Maganin barci ko na mura mai sa barci kar a ba yaro sai likita ya ce. In da hali tun a gida a fara kwantar da su da wuri da awa 1 'yan kwanaki kafin tafiya, yana ragewa.

Asuba kuma a sa ƙararrawa biyu a ajiye ɗaya nesa da gado.

Kun tafi da kayan miya? An ce suna ƙwacewa.

Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa mun tafi da su, kowanne a leda mai haske an rubuta sunansa, saboda a Abuja za a buɗe a duba duk wani gari. Daddawa a ninka mata leda ta shiga roba mai murfi in ba haka ba har kayan fitar biki sai sun ɗauka. Kilishi da dambun nama ku haƙura, nama na cikin abin da ake hana shiga da shi ba izini. Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a akwati. Kuɗi in sun wuce dala 10,000 sai an bayyana.

Saƙo kuma, ko na waye, in ba a buɗe a gabanki kin ga komai da idonki ba kar ki karɓa, ko an ce ƙwai da ƙwai ne ko maganin gargajiya ne za a kai ma ɗalibi. Dokar ƙwaya a Malesiya tana kaiwa har hukuncin kisa, kuma jakar da ke da sunanki ke ce mai ita. A filin jirgi ma kar a bar yara su riƙe ma wani baƙo jaka.

Da kuka sauka me kika fara gani?

Tun daga sama kore, gonakin kwakwar manja layi layi har iya ganinki. Baban yara ne yake gaya ma yaran cewa asalin itacen nan daga Afirka ta Yamma yake, su kuma tun 1917 suka fara nomansa na kasuwanci, shiru kawai muka yi muna kallo. Filin jirgin a Sepang yake, wajen awa 1 a mota zuwa cikin gari, akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kaiwa KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, cikin kusan rabin awa amma masu akwatuna da yawa gara su kira babbar mota ta Grab, manhajar kiran tasi ta waya. Da ƙofa ta buɗe muka fito waje zafin ya doke mu kamar an buɗe maka madambaci a fuska, mu mun saba da zafin Kaduna mai bushewa, nasu jiƙaƙƙe ne, gumi baya bushewa, ga ruwan sama da yamma kusan ba fashi. Atamfa mai kauri da leshi mai nauyi ba za su yi miki daɗi ba sai dai ranar biki.

Direba na zaune a dama mota na bin hagu, Hajiya salati ta riƙa yi duk sanda babbar mota ta taho ta gefenta, kuma wajen tsallaka titi ki riƙe hannun yara gam dan ta inda suka saba dubawa ba ta nan motar ke zuwa ba. Mata da hijabi suna aiki ko'ina, a teburin duba fasfo, a banki, wasu kan babur da hular kwano a saman hijabin, wannan ya burge ni sosai. Babban yarona kuma abin da ya lura da shi daban, cewa yayi Mama garin nan ba a jin ƙarar janareto. Dogayen benen Petronas masu hawa 88 mun je sai da muka warware, da dare suka fi kyau.

Abincinsu na ciwuwa? Duk halal ne?

Ba duka ba. Musulmi ne suka fi yawa amma akwai 'yan asalin Sin da Indiya da yawa, dan haka a duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a ƙofar gidan abinci ko a jikin kwali. Shinkafa ce abincinsu safe da rana da dare, nasi lemak da ake dafawa da madarar kwakwa, nasi goreng soyayyiya, sai roti canai, wani biredi mai faɗi da ake soyawa a tanda, da yarana suka maƙale mishi saboda ya yi kusa da abin da suka sani. Miyarsu akwai zaƙi-zaƙi da ƙamshin busasshen kifi, Hajiya bata iya ba, shi yasa masauki mai kicin yafi otal in da tsohuwa, garin semo da kukar da muka tafi da ita suka riƙe ta.

Wajen ibada kam babu wahala ko kaɗan. Kowace babbar kasuwa da tasha akwai ɗakin salla da suke ce ma surau, a rufin ɗakin masauki akwai kibiya mai nuna alƙibla, bayi kuma akwai tiyon ruwa ba sai kin nemi buta ba. Mazhabar Shafi'i suke bi, za ki ji liman ya bayyana bisimilla ya kuma yi ƙunutu a bayyane da asuba. Rana bata fitowa sai wajen 7, magariba kuma 7 zuwa 7 da rabi.

Gaskiya ne suna ƙyamar 'yan Najeriya?

Koren fasfo yana jawo tambayoyi, wannan gaskiya ne, me ya kawo ku, ina za ku sauka, yaushe za ku koma, nawa kuka zo da shi. A amsa a natse a miƙa takarda, mutum ɗaya ya yi magana a madadin iyali. Ɗalibanmu da ke can kuma sun ba mu labarin masu gidajen da basa ba baƙar fata haya, abin ba daɗi. Amma mu a masallaci da cikin jirgin ƙasa alheri muka gani, ana tashi a ba Hajiya kujera, wata tsohuwa ta karɓi ta goye ta riƙe min har na idar da salla ba mu jin yaren juna.

Da kuka dawo ma sai da kuka sake fama?

Eh amma da sauƙi. Barci na kwashe mutum tun bayan la'asar ya farka ƙarfe 2 ko 3 na dare, cikin 'yan kwanaki yake daidaita in ana daurewa zuwa isha. Ki sa dawowarku ta faɗo Alhamis ko Juma'a yara su samu Asabar da Lahadi kafin boko, islamiyya kuma ki je da kanki ki gaya ma malaminsu halin da ake ciki dan kar a ga suna gyangyaɗi a zane su. Wanda zai tuƙo ku daga Abuja ko daga Rigasa kar ya zama cikin waɗanda suka yi tafiyar. 'Yan sannu da zuwa kuma a roƙe su su bari sai da hantsi, musamman masu zuwa gaida Hajiya.